Mazurari a Wuyan Kyanwa



Mu Hausawa mutanen dabba ne tun fil'azal, kuma harshenmu shaida ne. Duk abin da ake tsare dabba da shi muna da sunansa. Akuya tana da turke, jaki yana da dabaibayi, doki yana da linzami, raƙumi yana da akala, ɗan maraƙi kuwa akan sa masa takunkumi don kada ya shanye nonon uwarsa kafin a tatsa. Kakanninmu da suka biyo hanyoyin fatauci, suka ratsa Adamawa har suka sauke kaya a bakin kogin Ubangi, da waɗannan kalmomi suka zo, kuma har gobe da su muke cinikin ragon layya a Kilomita Biyar. Amma akwai wani abin tsare dabba da ba mu gaji sunansa ba. Faifan roba ne da ake lanƙwasawa a zagaye wuyan kyanwa ko kare bayan an yi musu aikin hana haihuwa, bakinsa mai faɗi yana gaba, matsattsen yana wuya, don kada dabbar ta kai harshenta ga ɗinkin. Likitocin dabbobi na nan suna kiransa kolaret da Faransanci. Mu a gidanmu mazurari muka sa masa, domin da mazurarin ɗura mai ya yi kama.

Turawan Ingila sun raɗa masa sunan sarauniyarsu Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603, saboda manyan zamaninta suna sa wata kwalar riga mai faɗi da takan tsaya ƙiƙam ta kewaye wuya. A Amurka an ba wani mutum mai suna Frank Johnson takardar mallakar fasahar irin wannan abu a 1962. Dabarar dai ba ta fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya iya yanka gindin ƙaramin bokitin roba, ya naɗe bakinsa da tsumma don kada ya ci wuya, ya riga ya ƙera shi.

Kafin a yi maganar mazurari sai an yi maganar abin da ya kai mu gare shi. Unguwarmu unguwar kasuwa ce. Inda duk aka jibge buhunan gyaɗa da shinkafa da garin rogo da bandar kifi, ɓera ya sami gari, kuma tun zamanin iyayenmu kyanwa ce mai gadin dare a shaguna da ɗakunan ajiya. Da fitinar da ta ɓarke a watan Disamba na 2013 ta tsananta, dubban iyalai suka hau manyan motoci a farkon 2014 zuwa Chadi da Kamaru. Wanda yake neman inda zai dafe da 'ya'yansa a saman kaya ba ya waiwayar mage. Kyanwoyi suka rage a gidajen da babu kowa, suka ci gaba da haihuwa a kangaye, kuma jikokinsu ne muke gani yau suna sintiri a kan katangu da bakin magudanan ruwa.

Lissafin haihuwar kyanwa yana da ban tsoro. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai. A ƙasashen sanyi tana da lokacin hutu, domin tsawon yini shi ke tayar mata da neman barbara, kuma a hunturu yini gajere ne. Mu a Bangui muna dab da tsakiyar duniya, inda dare da rana kusan kunnen doki suke yi duk shekara, saboda haka kyanwarmu ba ta da hutu. Idan ta haihu sau uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya huɗu, goma sha biyu ke nan daga uwa guda, kuma matan cikinsu za su fara nasu kafin shekara ta zagayo. Duk mun san inda rarar take ƙarewa. Akan zuba su a kwali ko buhu, a ba yaro ya kai bola da magariba, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Mai wucewa yakan ji kukansu yini guda ko biyu, daga nan sai shiru.

Kyanwar gidanmu fara ce mai ɗigon toka a goshi, kuma ta yi mana aiki a ɗakin ajiya fiye da kowane tarko. Ta haihu sau uku cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Haihuwar farko maƙwabta suka karɓe 'ya'yan da murna, ta biyu sai da roƙo, ta uku kuwa kowa ya ce na gidansa sun ishe shi. Ita kanta ta rame, haƙarƙarinta ya fito, gashinta ya yi cibiri-cibiri. Da aka kawo shawarar a kai ta wurin likitan dabbobi a cire mata mahaifa, kakarmu ce ta fara tsayawa.

Ta ce, "Ku yaran zamani, ku ji tsoron Allah. Wanda ya halicce ta da mahaifa bai san abin da yake yi ba ne? Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Ƙaramarmu, wadda wasan jika da kaka ya ba ta lasisin faɗin abin da manya ba sa iya faɗa, ta ce, "To Kaka, ai tauren da kika yi ta yabon namansa ranar suna, shi ma ba haka aka haife shi ba."

Aka yi dariya, amma maganar ba ta mutu a nan ba, domin damuwar Kaka tana da tushe. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta ambaci canza halittar Allah cikin abubuwan da Shaiɗan yake umurni da su, kuma wasu magabata sun fassara wannan da fiɗiyar dabbobi. Sai muka kai tambayar zauren malaminmu bayan sallar la'asar. Muka ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan?" Ya tuna mana cewa Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da yawancinmu muka fara fiƙihu da shi, ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kuma ambaci hani a kan fiɗiyar dawaki. Ya ce daga nan ɗalibi zai gane cewa ana duban maslaha ne da cutarwa. Game da kyanwa, ya ce malamai sun saɓa, wasu sun ƙi, wasu sun yarda idan akwai cutar da ake gudu kuma ba a azabtar da dabbar ba. Sannan ya tambaye mu abin da muke yi da 'ya'yan idan sun yi yawa. Da ya ji labarin kwali da bola da ake yi a unguwa, sai ya yi shiru, can ya ce mu auna da kanmu wanne ya fi nauyi a mizani.

Aikin da ake yi wa mace ba ƙarami ba ne. Akan yi mata allurar barci, a aske gashin ciki, a tsaga fata da naman da ke ƙarƙashinta, a ɗaure jijiyoyin jini, a cire gidan ƙwai, sau da yawa har da mahaifar, sannan a ɗinke hawa-hawa. Na muzuru ya fi sauƙi, ƙaramar tsaga ce a cire maraina, kuma yakan warke da wuri. Fata tana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ta haɗe sosai, kuma a waɗannan kwanaki babban abokin gaban ciwon shi ne mai ciwon. Rauni idan ya fara warkewa yana ƙaiƙayi, dabba kuwa ba ta da abin sosawa sai harshe da haƙori. Wanda kyanwa ta taɓa lasar hannunsa ya san harshenta kaushi gare shi, domin cike yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, waɗanda take taje gashinta da su, take kuma kankare nama daga ƙashi. Wannan harshen yana iya warware ɗinki cikin dare ɗaya. Mutanenmu sukan ce yawun dabba maganin ciwonta ne. Bakin kyanwa da na kare ɗauke suke da ƙwayoyin cuta masu sa rauni ya ruɓe, kuma ɗinkin ciki idan ya buɗe hanji yana iya biyowa. A gari mai zafi da laima irin namu, musamman da damina, ƙuda ba ya ɓata lokaci wajen yin ƙwai a buɗaɗɗen ciwo, kwana kaɗan sai tsutsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar da aka dawo da ita, magagin allura yana sakinta ta gane akwai abu a wuyanta. Ta fara tafiya da baya, tana son ta zare kanta daga ciki, har ta ci karo da bango. Ta sa ƙafafun gaba tana turawa. Da ta gaji sai ta daskare wuri guda, kanta a sunkuye, kamar wadda aka ɗora wa dutse. Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Kyanwa da gashin bakinta take auna faɗin ƙofa da rami, yanzu gashin yana gugar roba ta kowane gefe. Ganinta na gefe ya toshe, ba ta san abin da ke zuwa daga dama ko hagu ba. Robar tana tattara sauti ta zuba mata a kunne, har ƙarar tabarya a turmi takan sa ta zabura. Ga shi an raba ta da lasar jiki, wadda ita ce wankanta kuma ita ce hanyar da take kwantar da hankalinta. A 2020 masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun tambayi mutum 434 da dabbobinsu suka sa irin wannan abu, kashi 77 cikin ɗari suka ce rayuwar dabbar ta ƙuntata a kwanakin, da yawa suka ambaci wahalar shan ruwa da kasa wasa. Saboda haka wanda ya ce dabbar ba ta damu ba bai lura da ita ba ne.

Abin da ya rage ga mai dabba shi ne ya sauƙaƙa abin da ba makawa sai an yi shi. Likitan ya nuna mana ma'auni biyu: yatsu biyu su iya shiga tsakanin mazurarin da wuya, bakinsa kuma ya ɗan zarce hancinta. Idan ya matse zai shaƙe ta, idan ya yi gajere bai tsare komai ba. Muka share mata ɗaki guda, muka kwashe tarkacen da take sarƙewa a ciki, muka rufe taga, domin kyanwa mai mazurari idan ta fita waje tana iya maƙalewa a waya ko ta kasa tsere wa kare. Kwanon abincinta muka canja da ƙaramin faranti marar zurfi, muka ɗora shi a kan bulo don bakin robar ya wuce ta gefensa. Safe da yamma muna duba ɗinkin ko akwai kumburi ko mugunya ko wari, muna goge cikin robar da jiƙaƙƙen tsumma, muna sosa mata bayan kunne da ƙarƙashin haɓa inda ƙafarta ba ta kaiwa. Likitan ya ja mana kunne a kan abu biyu. Kada a shafa wa ciwon toka ko baƙin man inji ko wani haɗi na gida. Kada kuma a ba ta farasitamol ko da ɓari ne, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Ya ce dabbar da ta ƙi ci sam saboda mazurari ana iya cire mata shi lokacin cin abinci, mutum yana zaune a kanta, ko a yanka tsohuwar singiletin jariri a sa mata ta rufe cikin.

A kwana na uku ta koyi ɗaga kai idan za ta hau dakali. A na biyar ta gano cewa bakin robar yana iya kwasar abinci daga faranti. Kaka, wadda ta yi rantsuwa ba ruwanta, ita muka tarar da hantsi ta ɗora ta a cinya tana cire mata ƙaya daga kifi, tana cewa, "Yi haƙuri, baiwar Allah, saura kaɗan." Ranar sha biyu aka cire zare aka kwance mazurarin. Ta zauna a tsakar gida ta lashe jikinta tun daga kafaɗa har wutsiya, ta ɗauki lokaci mai tsawo ba ta kula kowa ba. Bayan wata biyu ta murmure, kuma masu cewa kyanwar da aka yi wa aiki ba ta kama ɓera sun ga amsarsu a ƙofar ɗakin ajiya.

Mun sha dariya a wannan makonni biyu, kuma ba duka dariyar ce ta raha ba. Wani maƙwabci ya ce mutane ba su ci sun ƙoshi ba, marasa lafiya suna kwance babu kuɗin magani, wasu kuwa suna saya wa mage hula. Ba mu raina wannan magana ba, domin mun san unguwar da muke ciki, kuma ba mu ce wanda bai da abin kai ɗansa asibiti ya kai kyanwa ba. Sai dai lafiyar dabbar gida da lafiyar yaran gida a kwano ɗaya suke ci. Ciwon haukan kare yana nan a Bangui, kuma Cibiyar Pasteur ta Bangui, wadda aka kafa a 1961, ta daɗe tana gwada dabbobin da ake zargi tana karɓar waɗanda aka ciza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kyanwa ma tana ɗaukarsa idan mahaukacin kare ya cije ta, ita kuwa a tabarmar yaranmu take kwana. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Abin da ke karya shi rigakafi ne: masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Aikin hana haihuwa ba ya maye gurbin allurar, amma yana rage yawan dabbobin da ba su da mai su, waɗanda babu mai kama su ya kai su a yi musu. Yawancinmu ba ma kiwon kare, maƙwabtanmu na unguwannin da ke kewaye suna yi, kare kuwa bai san iyakar unguwa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda aka ciza ko aka yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Akwai kuma wani dalili da ya sa kwanakin nan goma sha biyu suka tsaya mana a rai. Ba muna haɗa ɗan Adam da dabba ba ne, Allah ya karrama ɗan Adam. Amma mu mutanen Kilomita Biyar mun san zaman da ake ce wa mutum kada ya wuce nan domin tsaron lafiyarsa. Mun yi shekarun da titi kaza shi ne ƙarshen duniyarmu, asibiti yana can, makaranta tana can, maƙabartarmu ta Boeing ga ta kusa amma ba ta kaiwuwa, sai da aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin unguwannin biyu a farkon 2016. Mun tuna ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya shigo Babban Masallacinmu, yadda jama'a suka bi ayarinsa suka fita zuwa cikin gari, wasu karo na farko cikin watanni. Wanda ya yi wannan zama ya san cewa tsarewa, ko da ta alheri ce, tana da ɗaci, kuma abin da ke sa a iya jure ta shi ne a san dalilinta, a san ranar ƙarewarta, a kuma ga cewa wanda ya tsare ka bai manta da kai ba. Dabba ba ta da hanyar sanin dalili ko rana. Abin da take iya ganewa shi ne hannun da ke kawo ruwa da sosa kunne, don haka wannan kason gaba ɗaya a wuyanmu yake.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a nan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo yadda Sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma yi alwala da sauran. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da laƙabin 'yar kyanwarsa duniya ta san shi. Duk wanda ya ɗaura wa dabba mazurari ya kulle ta a ɗaki ya hana ta neman na kanta, saboda haka cinta da shanta da tsabtarta sun zama bashi a kansa har ranar da zai kwance. Haka hukuncin yake ga ragon da ke turke a rana, da kajin da ake ɗaure wa ƙafa a rataye a babur, da jakin da aka yi wa dabaibayi aka manta.

Roƙonmu ga 'yan'uwa kaɗan ne. Mai kyanwa ko kare da yake da hali, ya nemi likitan dabbobi na gaskiya, kada ya miƙa dabbarsa ga mai aska da ƙarfin hali, ya kuma haɗa da allurar haukan kare. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, yana da kyau a kasa kunne ko za a ji sanarwar rigakafi. Wanda bai da hali, ya nema wa 'ya'yan kyanwarsa gida tun suna shan nono, ya bar su da uwarsu har wata biyu, kada ya aiki yaro bola da kwali, domin yaron yana koyon wani abu a wannan aike. Idan kuma yaranmu suka ga dabba da roba a wuya, a gaya musu jinya take yi, kada su bi ta da jifa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya, ya sa mu cikin masu jin ƙan abin da ke ƙarƙashin hannunsu. Amin.